Haɗama da Kawaici wajen Tsinke Adireshin Intanet: Alamar Tambaya Ba Laya Ba Ce

A bara, sa'ad da nake tattara matanin kundin digirina na biyu a kan kalmomin aro na Faransanci cikin rubutun Hausa na intanet, na yi wa kaina ɓarnar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ajiye kowane rubutu a layi guda, kamar yadda aka saba yi a rumbun matani. Da na zo ƙirga kalmomi sai na tarar adiresoshin intanet da ke tsakiyar rubuce-rubucen suna dagula lissafi, domin manhaja tana ɗaukar «html» da «com» da «www» a matsayin kalmomin Hausa. Sai na rubuta ɗan gajeren zubin nema, `http.*`, na umarci kwamfuta ta share duk abin da ya dace da shi. Ta kuwa share. Makonni suka shuɗe kafin malamin da ke duba aikina ya tambaye ni dalilin da ya sa rubuce-rubuce da dama suke yankewa a tsakiyar zance. Ashe a duk layin da adireshi ya bayyana, zubin ya haɗiye adireshin ya kuma haɗiye dukan Hausar da ta biyo bayansa har ƙarshen layi. Garin neman gira na rasa ido. Allah ya taimake ni ina da kwafin asali a wani wuri.

Da na kai kuka ga wani abokin karatu, bai ko ɗago kai ba ya ce: «Zubinka ne mai haɗama, ƙara masa alamar tambaya.» Na ƙara, ya koma `http.*?`, na sake gwadawa. A wannan karo haruffa huɗun nan na «http» kaɗai aka share, sauran adireshin ya zauna daram a inda yake. Maganin farko ya ci fiye da kima, na biyu bai ci komai ba.

Tun daga ranar nake lura da yadda wannan shawara ta «ƙara alamar tambaya» take yawo a tsakaninmu ɗalibai kamar laya, wannan ya ba wancan, ba mai buɗe ta ya ga abin da aka rubuta a ciki. Ra'ayina shi ne, sauya zubi daga mai haɗama zuwa mai kawaici sau da yawa ɓoye kuskure yake yi, kuma aikin da ya wajaba a kan mai nazarin harshe shi ne ya faɗi iyakar abin da yake nema ƙarara, kamar yadda zai faɗi iyakar gaɓa ko iyakar kalma. Ina kuma ganin lokaci ya yi da sassanmu za su ɗauki wannan ilimi a matsayin wani reshe na nahawu.

Kayan gidanmu ne

Abin da nake kira zubin nema shi ne wanda littattafan Faransanci ke kira expression régulière, masu shirya manhaja kuma suke taƙaita shi da «rejeks». Jeri ne na alamomi da ke siffanta wani rukunin rubutu, domin kwamfuta ta nemo duk abin da ya shiga rukunin. Da yawanmu mun taɓa amfani da shi a akwatin bincike na AntConc ko ELAN ko Praat, ko da ba mu san sunansa ba.

Tushensa yana wajen masanin lissafi Stephen Kleene, wanda ya tsara shi a farkon shekarun 1950, aka wallafa aikin a 1956. Tauraron nan `*` da sunansa ake kiransa har yau. A wannan shekara ta 1956 ne kuma Noam Chomsky ya fitar da maƙalarsa a kan salo uku na siffanta harshe, inda ya yi hujja cewa inji mai ƙayyadaddun matakai ba zai wadatar da ginin jimlar Ingilishi ba, saboda yadda jimla ke shiga cikin jimla. Harsunan da zubin Kleene ke iya siffantawa su ne matakin ƙasa a jerin matakan Chomsky da muke haddacewa domin jarrabawa. A 1968 Ken Thompson ya wallafa hanyar sa kwamfuta ta yi bincike da irin wannan zubi, daga nan ya shiga kayan aikin Unix irin su grep. Ta ɓangaren tsarin sauti, C. Douglas Johnson a 1972, da Ronald Kaplan da Martin Kay a 1994, sun nuna cewa dokokin sauya sauti da muke rubutawa a aji ana iya mayar da su injuna masu ƙayyadaddun matakai, haka kuma Kimmo Koskenniemi ya gina nazarin ƙirar kalma mai hawa biyu a kan wannan harsashi a 1983. Shi kansa Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen Perl a 1987, ya karanci kimiyyar harshe, kuma Perl 5 ta shekarar 1994 ce ta shigo da alamar kawaicin da muke magana a kanta. Saboda haka ɗalibin harshe da ya ce wannan fage na ƴan kwamfuta ne, gadon gidansu ya bar wa maƙwabta.

Yadda injin ke cin tuwo

Ɗigo `.` yana nufin kowane harafi ɗaya, ban da alamar sabon layi sai in an ba shi izini. Tauraro yana nufin a maimaita abin da ya gabace shi sau nawa ne ma, har da sau sifiri. Idan aka haɗa su, `.*`, an ba inji damar ɗaukar komai. Abin da ya rage shi ne nawa zai ɗauka idan zaɓi ya fi ɗaya.

A harsuna irin su Perl da Python da JavaScript, ɗabi'ar tauraro ta asali haɗama ce. Yana jawo akushin gaba ɗaya gabansa, wato ya ɗauki dukan layin, sa'an nan ya duba ko sauran zubin ya dace. In bai dace ba ya mayar da harafi ɗaya, ya sake dubawa, ya mayar da wani, har sauran zubin ya sami wurin zama. Wannan shi ne ja da baya. Mai kawaici, `.*?`, baƙo ne mai kunya: da farko ba ya taɓa komai, sai ya duba ko sauran zubin ya dace a haka; in bai dace ba ya ɗauki loma ɗaya, ya sake dubawa, haka har buƙata ta biya.

Mu ɗauki wannan adireshi na misali:

`https://ha.example.org/labarai/2023/kasuwa.html`

Muna son sunan masaukin, wato `ha.example.org`. Idan muka rubuta `https://(.*)/`, mai haɗama zai tafi har ƙarshen layi, ya riƙa ja da baya har ya ci karo da sandar `/` ta ƙarshe, ya miƙo mana `ha.example.org/labarai/2023`. Idan muka rubuta `https://(.*?)/`, mai kawaici zai tsaya a sandar farko da ya tarar, ya ba mu abin da muke so. A nan ne layar ta sami farin jininta, domin a misali irin wannan tana aiki sarai.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan. Layin da mai haɗama ya karɓa, mai kawaici ma zai karɓe shi. Wanda ɗaya ya ƙi, ɗayan ma zai ƙi. Bambancinsu yana ga tsarin da suke bi wajen gwada zaɓuɓɓuka, ɗaya daga mafi tsawo zuwa ƙasa, ɗaya daga mafi gajarta zuwa sama. Ɗigon yana nan da izininsa na cin kowane harafi. Alamar tambaya ba ta hana shi tsallake sarari ko waƙafi ko jimlar Hausa sukutum ba. Ta dai ce masa kada ya yi haka sai in ya zama dole. Kuma a rubutun mutane na gaskiya, dole tana yawan zuwa.

Inda kawaici ke yaudara

A ce marubuci ya rubuta: «Duba https://ha.example.org da kuma https://fr.example.org/tarihi». Adireshin farko ba shi da sanda a ƙarshensa. Mai kawaici zai soma daga na farko, ya yi ta ƙara loma yana neman sanda, ya wuce sarari, ya wuce «da kuma», sai ya tarar da sanda a cikin `https://` na biyu. Abin da zai kira sunan masauki shi ne `ha.example.org da kuma https:`. Ba zai yi ƙorafi ba, ba zai nuna alamar kuskure ba, zai zuba wannan a jadawali ya wuce layi na gaba.

Haka nan idan adireshi ya zo da tambaya kai tsaye bayan masauki, kamar `https://ha.example.org?shafi=a/b`, mai kawaici zai kawo `ha.example.org?shafi=a`, domin shi sanda kaɗai aka ce ya nema.

Misali na uku shi ya fi ba ni tsoro, domin shi ke cin matani. Ɗalibi yana son ya cire adiresoshin da ke ƙarewa da `.pdf` kawai, sai ya rubuta `https://.*?\.pdf`. Mutane da yawa suna zaton mai kawaici yana zaɓen mafi gajarta a cikin dukan abubuwan da suka dace. Ba haka yake ba. Injin yana somawa daga hagu, kuma wurin farko da zubin zai iya kammaluwa daga gare shi, shi ke yin nasara. Idan sakin layi ya buɗe da adireshin shafi na yau da kullum, ya biyo da jimloli goma na Hausa, sa'an nan ya rufe da adireshin pdf, zubin zai kama tun daga adireshin farko har zuwa `.pdf` na ƙarshe, jimlolin goma su tafi tare da shi. Ɓarnar da na yi da haɗama ke nan, ta dawo sanye da rigar kawaici.

Na huɗu ya shafi masu ciro adireshi daga cikin lambobin shafi. Zubin `href="(.*)">` yana haɗe mahaɗai biyu da ke layi ɗaya su zama abu guda, kowa ya san wannan. Ana sauya shi zuwa `href="(.*?)">` sai a ga ya gyaru. Amma ranar da mahaɗi ya zo da ƙarin siffa, kamar `href="x.html" class="k">`, mai kawaici zai tsallake alamar zance ta farko, tun da `>` ba ta biyo ta ba, ya kawo `x.html" class="k`.

Na biyar kuwa shi ne nawa na biyu: idan mai kawaici ya zo a ƙarshen zubi, babu abin da ke bayansa da zai tilasta masa ci, don haka ba ya cin komai.

Ga kuma wani tarko ga masu aiki da layin umarni. Ƙa'idar POSIX, wadda sed da grep na gargajiya ke bi, ba ta san alamar kawaici ba sam. A wurinta abin da ya fara daga hagu kuma ya fi tsawo shi ke nasara. Ɗalibin da ya kwafo `.*?` daga Python ya liƙa a sed ba zai sami abin da ya saba samu ba. Ashe ita ma layar tana da garin da ba ta ci.

Faɗi iyakar

Mafita tana cikin takardar da ta kafa nahawun adireshin kanta. A watan Janairun 2005 Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka fitar da RFC 3986, wadda ta raba adireshi gida biyar: tsari irin su `https`, sai masauki, sai hanya, sai tambaya da ke biyo bayan `?`, sai gutsure da ke biyo bayan `#`. A ratayenta na B sun ba da zubin nema guda da ke raba waɗannan gidaje, kuma duk tsawonsa babu mai kawaici ko ɗaya a ciki. Dabarar da suka bi ita ce su faɗi haruffan da ke rufe kowane gida. Masauki shi ne `[^/?#]*`, wato duk harafin da ba sanda ba, ba alamar tambaya ba, ba `#` ba. Hanya ita ce `[^?#]*`. Tauraron yana nan da haɗamarsa, amma an kewaye masa gona da shinge, ya ci iyakar cinsa ba zai shiga ta maƙwabci ba. Ɗigo mai cin komai sau ɗaya ya bayyana, a gutsure, inda babu sauran gida a gaba.

Idan muka koma misalanmu da wannan tunani, `https://([^/?#\s]+)` yana ba da masaukin da ya dace a adireshi mai sanda da marar sanda da mai tambaya. `href="([^"]*)"` yana tsayawa a alamar zance ta rufewa ko da siffa nawa suka biyo baya. `https://\S+\.pdf` ba zai iya tsallake sarari ba, saboda haka ba zai taɓa jimlolin da ke tsakanin adireshi biyu ba. Bambancin ya wuce na salo. Zubi mai kawaici yana cewa a ci gaba har a ga abu kaza, in ba a gan shi nan kusa ba a nemo shi ko a ina yake. Zubi mai shinge yana bayyana abin da masauki ya ƙunsa, don haka idan rubutu ya saɓa wa zato sai ya ƙi kamawa, kuma ƙin kamawa kuskure ne da ido ke gani. A wurin mai bincike, kuskuren da ya fito fili ya fi wanda ya lafe a cikin jadawali sauƙi nesa ba kusa ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ajinmu. Idan muka ce gaɓar Hausa tana zuwa a siffar baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi, mun faɗi abin da gaɓa ta ƙunsa ne, shi ya sa muke raba «sarki» a matsayin sar-ki ba tare da shakka ba. Muna kuma da wurin da haɗama ita ce daidai. Kalmar «tsuntsu» haruffa bakwai ce a rubuce, sautuka biyar a baki, domin «ts» baƙi ɗaya ne. Duk zubin da zai raba haruffan Hausa dole ya fifita mafi tsawo, ya ga «ts» da «sh» da «ƙw» da «gy» kafin ya ga «t» da «s» da «ƙ» da «g». A Python kuwa zaɓin da aka fara rubutawa shi ake fara gwadawa, don haka `(t|ts)` zai tsinke «ts» gida biyu, `(ts|t)` ya bar shi cikakke. Haka a adireshi: mai son sunan fayil na ƙarshe yana buƙatar haɗamar `.*/` ta kai shi sandar ƙarshe. Laifin yana ga wanda ya saki haɗama ba tare da sanin inda za ta tsaya ba.

Ƙugiyoyinmu da iyakokinmu

Hausa tana da nata rabon matsala a wannan fage. Da yawan zube-zuben da ake kwafowa an rubuta su da `[a-zA-Z0-9]`, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Adireshin maƙala a Wikipedia ta Hausa yana iya ɗauke da harafi mai ƙugiya a fili, kuma irin wannan zubi zai yanke shi a kan ƙugiyar, ya bar wutsiyarsa a cikin matani tana jiran a ƙirga ta a matsayin kalma. Wani lokaci kuma harafin yana zuwa a sauye: ƙ ya zama `%C6%99`, ɗ ya zama `%C9%97`, ɓ ya zama `%C9%93`, ƴ ya zama `%C6%B4`. Shafi ɗaya ne da fuska biyu, kuma mai ƙirga majiyoyinsa zai ƙirga shi sau biyu in bai daidaita su ba.

Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y da alamar ɗauri. RFC 3986 ta halatta wannan alama a cikin adireshi, kuma ita ce wasu shafuka ke kewaye adireshi da ita a madadin alamar zance mai biyu. Zubin da ya ɗauke ta a matsayin iyaka zai yanke adireshin da ke ɗauke da «'yan» ko «jami'a» a tsakiya.

Na taɓa ganin ana ƙoƙarin raba matanin Nijar da na Najeriya ta ƙarshen sunan masauki, `.ne` da `.ng`. Zubin `https://.*\.ne` yana kama `.net` ma, ko an sa masa alamar tambaya ko ba a sa ba, domin ba a faɗi abin da ya kamata ya biyo bayan «ne» ba. Ko da an gyara zubin ma, sauran aiki na nan, tun da sashen Hausa na BBC yana ƙarƙashin `.com`, na RFI yana ƙarƙashin `.fr`, kuma babu ɗayansu da ke faɗin karin harshen marubuci.

Akwai iyakar da babu zubin da zai warware ta shi kaɗai. Idan jimla ta ƙare da adireshi sa'an nan aya, ayar ta jimla ce ko ta adireshi? Ɗigo halal ne a cikin adireshi. Haka baka biyu: wasu adiresoshin Wikipedia suna ɗauke da su, marubuci kuma yana iya sa dukan adireshin a cikin nasa baka biyun. RFC 3986 ta san da wannan, har ta keɓe rataye na C domin shawarar yadda za a kewaye adireshi a cikin rubutu. Harshen damo ne irin wanda muka sani a ginin jimla, kuma mai bincike ne zai yanke hukunci, ya rubuta hukuncin, ya ɗauki nauyinsa.

Hujjojin masu ja

Wani zai ce kawaici yana aiki a mafi yawan lokuta, me ya kawo tsanani? Amsata ita ce rumbun matani ba a duba shi da ido layi bayan layi, abin da ya sa muke neman taimakon inji ke nan tun farko. Layukan da zubi ya ɓata kuma ba a warwatse suke ba bisa tsautsayi. Rubutun da ke cike da adireshi yakan zama na wani irin marubuci, mai yawan kafa hujja da majiya, ko mai sanarwa, ko mai talla. Idan aka share rabin maganarsu an karkatar da samfurin zuwa wani ɓangare, kuma duk adadin da aka fitar daga baya ya gaji karkatar.

Na yarda akwai inda kawaici ya dace. Idan iyakar jeri ce ta haruffa da dama, kamar `-->` da ke rufe bayanin gefe a lambobin shafi, shingen harafi ɗaya ba zai wadatar ba, kuma `<!--.*?-->` shi ne mafi sauƙin karantawa. Sharaɗin shi ne mai rubutawa ya tabbata alamar rufewa tana nan tafe, ya kuma san abin da zai faru in ba ta zo ba.

Wani kuma zai ce kawaici ya fi sauri. Wannan ma ba doka ba ce, domin duka biyun suna ja da baya, kuma idan aka jera ɗigo da tauraro kusa da juna yawan hanyoyin da inji zai gwada yana hauhawa. A ranar 2 ga Yulin 2019 kamfanin Cloudflare ya saki wata sabuwar doka ta tsaro mai ɗauke da zubin da zuciyarsa ita ce `.*.*=.*`. Injunansa suka shaƙe da ja da baya, shafukan da ke bi ta hannunsa a faɗin duniya suka tsaya na tsawon minti 27. Idan ƙwararrun da wannan ce sana'arsu sun faɗa ramin, ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ya fi kowa buƙatar zubin da ba ya ɓata lokaci. Akwai injuna irin su RE2, wanda Google ya fitar a 2010, da ba sa ja da baya ko kaɗan, amma su ma ba za su gaya wa mutum inda masauki ya ƙare ba.

Na uku zai ce manhajojin hira na zamani suna rubuta zubi cikin daƙiƙa. Suna rubutawa, amma sunan da ke bangon kundi na ɗalibi ne, kuma shi zai tsaya gaban kwamitin jarrabawa. Wanda bai iya karanta zubi ba, ba zai gane ranar da aka ba shi gurɓatacce ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a bar zubin nema gaba ɗaya a yi amfani da kayan da aka gina domin wannan aiki. A nan ina tare da su fiye da rabi. Python tana da `urlsplit` a cikin `urllib.parse`, wanda ke raba adireshi gida biyar ɗin nan ya kuma ciro sunan masauki tsantsa. Dubi `https://banki.example@wani.example/shiga`. Ido yana ganin banki, amma masaukin gaskiya shi ne `wani.example`, domin abin da ya gabaci `@` bayanin mai shiga ne. Da irin wannan ake yaudarar mutane. Ko zubi mai shinge zai kawo sassan biyu a haɗe, `urlsplit` kuwa ya san inda zai raba. Lambobin shafi kuma, da yake alama na shiga cikin alama kamar jimla cikin jimla, suna buƙatar mai tsinkewa irin Beautiful Soup, kuma dalilin shi ne wanda Chomsky ya kawo a 1956. Sai dai kafin a miƙa adireshi ga `urlsplit` dole a fara tsamo shi daga cikin zancen mutane, kuma a wannan mataki zubin nema da hukuncin mai bincike ba su da madadi.

Abin da nake roƙo

Ga ƴan uwana ɗalibai, kada mu share komai daga matani sai mun fara sa inji ya nuna mana abin da zai share, mu jera shi daga mafi tsawo zuwa ƙasa, mu karanta na saman. Da na yi haka a bara, da layin farko ya tona asirin `http.*` cikin minti ɗaya. Mu ajiye kwafin asali da ba a taɓa shi. Mu tanadi ɗan jerin adiresoshi masu wuyar sha'ani, marar sanda, mai tambaya, mai ƙugiya, mai baka biyu, mai aya a ƙarshe, biyu a layi ɗaya, mu gwada kowane zubi a kansu kafin mu sake shi cikin rumbu. Duk sa'ad da hannu ya kai ga ɗigo da tauraro, mu tsaya mu tambayi kanmu wane harafi ne bai kamata ya shiga nan ba.

Ga malamanmu kuma, cikin girmamawa, ina da buƙata biyu. Ta farko, a buƙaci duk kundin da ya dogara da matanin intanet ya rubuta zube-zuben da aka tsabtace matanin da su a babin hanyoyin bincike, kamar yadda ake buƙatar bayanin masu ba da bayanai da garuruwansu da shekarunsu. Zubi ɗaya yana iya sauya sakamako fiye da yadda mai ba da bayani ɗaya zai sauya shi, amma a yau yana wucewa ba mai tambayarsa. Ta biyu, idan aka zo darasin matakan Chomsky, a ba mu awa biyu a gaban kwamfuta mu ga matakin ƙasa yana aiki a kan Hausa, mu raba «tsuntsu», mu tsinke adireshi, mu ga inda injin ke gazawa da idonmu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watan ƙarshe na rubuta kundi ba lokacin koyon wannan ba ne.

Rubutun Hausa da ke intanet bai kai yawan da za mu riƙa zubar da shi bisa kuskure ba, na Nijar kuwa ya fi ƙaranci. Kowace jimla da zubi ya haɗiye wata shaida ce ta yadda mutanen Damagaram ko Katsinar Maradi ko Adar suke rubuta harshensu, kuma idan ta fita daga rumbu ba za ta shiga ƙamus ko nahawun da za a gina a kansa ba. Ni na dawo da nawa domin ina da kwafi. Zubin da na ƙare da shi ya fi na farko tsawo, ba shi da ɗigo mai cin komai, kuma na rubuta shi a babi na biyu na kundina tare da jerin adiresoshin da na gwada shi a kansu, domin wanda zai zo bayana ya duba ya gyara.